Takarda Mai Jan Tawada

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta.

Daga Malam Haliru na Ƙofar Atiku, zuwa ga na Goggo, wanda zai hau mota gobe da hantsi ya koma kwaleji. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare ka a mota da jirgi, Ya haɗa ka da abokan da za su tashe ka sallar asuba. Bayan haka.

Na san za ka yi mamaki in ka buɗe akwatinka ka tarar da rubutuna a ƙarƙashin riguna, alhali wata guda muka yi muna shiga ta zaure ɗaya. To, ka san yadda muke. Kai ne ɗan fari. Tun da aka yaye ka yayata ta ɗauke ka zuwa sashinta, ka zama na Goggo. In zan aike ka, sai in ce a gaya wa yaron nan, kai kuwa kana tsaye a gabana. Haka mahaifina ya yi mini, haka na tarar ana yi, ban kuma taɓa ganin aibin abin ba sai a makon nan. Akwai maganar da bakina ba zai iya ɗauka ba, shi ya sa na ɗora wa alƙalami.

Bana kaya biyu ne a kanka. Ga karatun shekararka ta ƙarshe, ga kuma jarrabawar aikin baitulmali da ka ba da sunanka, wadda sai an ci ta ake damƙa wa mutum littafi ya riƙe. Shekaranjiya da la'asar na fito zan tafi masallaci, na hange ka a gindin cediyar ƙofar gida. Littafi a ƙirji, kana kai da kawo, kana rangaji, kana rera dokokin lissafin Turawa da muryar tilawa, har da jan numfashi inda ake ja. Da farko dariya ta kama ni, na rufe baki da gefen rawani. Ban kai masallaci ba gabana ya faɗi, domin na san wannan rangajin. Nawa ne, ni na taɓa yin sa a gindin itacen nan.

Da na dawo sai ga goggonka ta biyo ni har ɗakin littattafai, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

Ta ce, "Haliru, kana nan zaune awa tulu, ba ka san abin da ɗan ga naka yac ce ba?"

Na ce, "Mi yac ce, Yaya?"

Ta ce, "Cewa yay yi in yah hwaɗi jarrabawag ga, ba shi komowa Sakkwato. Wai jirgi za shi bi har Ikko, ko dako shi yi. Wai da wane ido za shi dubi Malam, wanda yab bar aikin ga da ƙahwatai don tsoron Allah, shi ko a koro shi don rashin kai." Ta gyara zane ta ƙara da cewa, "Ni dai na yi kurum shekara ashirin. Ko ka hwaɗa mai, ko ni in hwaɗa mai, ka ko san bakina ba shi da linzami."

Kada ka ji haushinta. Kai ma ka san duk abin da aka zuba a kunnen Goggo, kafin a sha ruwa ya isa inda ya kamata ya isa. Wannan karon kuwa ta yi mini alheri.

Ga maganar, ba zan yi mata ado ba. Ban bar aikin baitulmali don tsoron Allah ba. Wannan jarrabawar da kake tsoro, ita na zauna na faɗi, kunya ta hana ni komawa.

Ina yaro Turawa suka shigo garin nan, saboda haka da kuɗin wuri na tashi. Ina ƙirga shi biyar-biyar da yatsu biyu, har fatake kan tsaya su kalle ni a kasuwa. Na kuma yi karatun rabon gado a wurin Malam Sambo, can kusa da Hubbare. Da aka kafa baitulmali aka nemi masu kyan hannu da suka san hisabi, sai aka ɗauke ni ina rubutu a ƙarƙashin Ma'aji. Na koyi baƙaƙen boko da lambobinsu daidai gwargwado. Na shekara biyar a wurin, har na auri innarka da albashin, na sayi alkyabbar da kake gani a ƙasan adaka. Sai aka zo da doka cewa duk mai son riƙe littafin shiga da fita sai ya zauna jarrabawa. Aka ba mu wani siririn littafi mai shuɗin bango, da misalai goma sha biyu a ciki, aka ce mu shirya nan da wata huɗu.

Na kalli littafin na raina shi. Na ce mutumin da ya haɗiye izu sittin, wannan ai loma ɗaya ce. Na ɗauko allona na wanke, na rubuta misali na farko a kai, na yi ta biya shi har ya zauna, na wanke na rubuta na biyu. Goggonka tana wucewa tana cewa in tara ruwan wankin in sha, ko fam da sule za su shiga jikina. Kafin wata biyu, ka tashe ni daga barci ka ce misali na tara, zan karanto maka shi daga kai har ƙasa ba gargada. Abin da ban sani ba shi ne dalilin da ya sa aka rubuta wannan lamba a hagu, waccan a dama. Ban ma san akwai dalili ba.

Abin da ke ba ni takaici har yau, hanyar da ta dace tana cikin kaina tun tuni. Malam Sambo bai taɓa ba mu amsar gado mu haddace ba. Sai ya zube ƙwallon dabino a kan buzu ya ce, "Mutum ya rasu, ya bar mata da uwa da ɗiya mata biyu. Raba." In ka gama kana murmushi, sai ya sa hannu ya watsa ƙwallayen ya ce, "To, ashe shina da ƙane. Sake." Haka zai yi ta sauya maka magada har ka daina neman amsa a ka, ka koma neman ta a ƙa'ida. Ni da na sha wannan horo, da na ga lissafi cikin baƙaƙen Turawa sai na ɗauke shi tamkar nassi, wanda ba a taɓawa, sai dai a haddace.

Don haka ka saurara. Hadda ni'ima ce, ita ta riƙe mana Littafin Allah, ba kuwa zan raina ta ba. Amma littafin baitulmali ɗan'uwan rabon gado ne. In ka karanta misali sau ɗaya ka gane, rufe littafin. Sa abokinka ya sauya maka lambobi, ya mai da abin da ya shigo ya zama abin da ya fita, ya cusa maka taro da sisi inda ba ka zata ba. Ka yi da alƙalami a hannu, kana zaune, kamar yadda za ka yi ranar. In ka kuskure, kada ka yage takardar, ka bi ta baya har ka kama inda ƙafarka ta zame. Ka kuma gyara bakwai ɗinka, don Allah. Na ga littafinka a kan tabarma, ita da ɗaya sai ka ce tagwaye.

Akwai wani akawu a ofishin, Banufe ne mutumin Lakwaja, ana ce masa Akawu Ndagi. Ya girme ni da kaɗan. Mutum ne mai sanyin hali, kullum da alƙalami a bayan kunne. Wata rana ya ji ina biya misalan a ƙarƙashin murya, ya tsaya ya saurara har na kai aya. Sai ya ce, "Malam, kanka yana da ƙarfi ƙwarai. Amma in ka yarda, bayan an tashi mu zauna rabin sa'a, in nuna maka abin da ya sa ake rubuta abu ɗaya a gefe biyu."

Na ce masa, "Na gode, Akawu. Ai na riƙe shi duka."

A zuciyata kuwa cewa na yi, ni ɗan gidan malamai, kakana ya karantar a garin nan, in durƙusa a gaban mai tsuke wando yana cin tuwo da cokali? Sau uku ya yi mini tayin nan, sau uku ina godiya. A na ƙarshe ma sai da ya ce in ina jin nauyin idon mutane, shi zai zo zaurena. Na ce ina da baƙi. Girman kai rawanin tsiya, ni kuwa na naɗa shi har da kunne biyu.

Kai ma jinina ne, na san yadda kake ɗaure fuska in ba ka gane abu ba, kana gyaɗa kai don kada a sani. Ka daina. A kwalejinku za ka samu wanda ya fi ka wannan fanni, wataƙila ƙaninka ne a shekaru, wataƙila ɗan wani gari ne da ko Hausarsa ba ta fita sosai. Ka ɗauki littafinka ka je inda yake, ka ce ban gane ba. Matambayi ba ya ɓata. In kuma kai ka fi wani, ka yi masa abin da Akawu Ndagi ya so yi mini, ko da ya ƙi sau uku.

Sai na ƙara wata wautar. A lokacin ina tsakiyar karatun wani babban littafin fiƙihu a wurin Malam Sambo, kullum bayan asuba. Na ga kamar yana cinye mini lokaci, sai na aika masa cewa ciwon ido nake yi. Wata uku ban taka zaurensa ba. Dattijon nan har kwalli ya aiko mini da shi, wai in riƙa sawa. Ran nan muka yi kiciɓis a bakin kasuwa, ya dubi idona tar kamar na mage, bai ce komai ba sai, "Alhamdu lillahi, Haliru, ido ya yi sauƙi." Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce a raina bari in gama da jarrabawa in koma in ba shi haƙuri. Kafin in tattara ƙarfin halin komawa, Allah Ya yi masa rasuwa. Littafin yana nan, alamar da na sa a inda muka tsaya ba ta gusa ba.

An ce taura biyu ba ta taunuwa, gaskiya ne, amma ba a ce a tofar da ɗaya ba. Ana tauna wannan a haɗiye, a ɗauki waccan. Kada ka saki karatun ajinka don jarrabawar baitulmali, kada ka yi wa malamanka ƙaryar ciwo. Ka yanka wa lissafi lokacinsa, ko sa'a guda ce bayan asuba lokacin da kai ke sanyi, ka riƙe ta kullum kamar wuridi. Sauran yinin na aji ne. Ka fara tun makon da ka isa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ci abinci, ko da miyar tasu ba ta kama ƙafar ta Goggo ba. Ka yi barci lokacin barci. Rubutun sha da Goggo ta zuba maka a gora ka sha da bismilla, amma ka sani ba shi zai haɗa maka jimla ba.

Ranar jarrabawa na sa farar riga sabon ɗinki. Aka zaunar da mu a kan benci mu bakwai, Baturen da ke duba littattafai yana zaune a gaba. Mai Jan Alƙalami muke ce masa, don ba ya rabo da jar tawada. Na buɗe takarda na ga tambayar farko ta fara da kuɗin jangali da aka kawo daga wata gunduma, sai albashin dogarai, sai gyaran rijiya. Zuciyata ta yi fari. Na ce wannan ai misali na uku ne. Ban ko ƙarasa karantawa ba hannuna ya kama gudu, na zubo shi kamar yadda yake a allo, na rufe da jimla: fam arba'in da bakwai, sule goma sha ɗaya, da taro. Ka ga har yau ban manta ba. Haka na bi sauran, kowace tambaya na nemo mai kama da ita na juye. Ni na fara gamawa, na fito ina tausayin waɗanda na bari suna ƙirga da yatsu.

Bayan kwana uku Baturen ya kira ni. Ya shimfiɗa takardata a tebur, ta yi ja kamar an yanka kaza a kai. Ya ce da irin Hausarsa, "Malam, amsa taka daidai ne, amma na wata tambaya." Ashe labarin ne kawai iri ɗaya, lambobin duk an sauya su. Bai wulaƙanta ni ba, ban ɗora masa wannan ba. Ya ce in koma wurina na rubutu, bayan wata shida in sake zama. Akawu Ndagi yana tsaye a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai kamar shi ya faɗi.

Na naɗe takardar na sa a aljihu, na fito, ban sake taka ofishin ba. Da abokai suka tambaye ni a masallaci, sai na ji bakina ya ce aikin Nasara akwai shubuha a ciki, zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Ban shirya faɗin haka ba, fitowa kawai ta yi. Kafin Juma'a maganar ta zaga unguwa. Aka riƙa nuna ni ana cewa ga Malamin da ya bar albashi don Allah. Ɗalibai suka ƙaru a zaurena. Dattawan da suka haife ni suna miƙo mini hannu biyu. Akawu Ndagi kuwa duk inda muka haɗu sai ya rusuna ya gaishe ni, bai taɓa buɗe baki ga kowa ba har aka mai da shi garinsu.

Faɗuwar ba ta yi mini komai ba, yanzu na gane. Wata shida ne kawai da rabin sa'a a gaban akawu. Yabon nan shi ya cuce ni. Shekara ashirin ina sanye da rigar da ba tawa ba, kowa na cewa ta yi mini kyau, ni kaɗai na san inda take shaƙe ni. Na ɗauka nauyin a kaina zai ƙare. Ban san kana gefe kana auna kanka da ita ba, har kana shirin guje wa gida saboda wani uba da ba a taɓa yi ba.

Jiya da hantsi na shiga wurin innarka, tana tsince shinkafa. Na zauna a bakin gado na faɗa mata duka, ina kallon ƙasa. Ba ta ko ɗaga kai daga faifan ba.

Ta ce, "Malam, wa kaka zato ya wanke rigad da kak komo da ita daga ofis rannan?"

Ta tashi ta buɗe kwallarta ta can ƙasa, wadda ba a taɓawa, ta ciro wani ƙullin tsumma ta miƙo mini. Takardar ce. Ta ce, "Ban iya karatun boko ba, amma na san ba a yi ma mutum alheri da jan tawada haka. Nig ga ba ka so a sani, nib bar ka." Shekara ashirin tana kawo mini tuwo tana ce mini Malam, ko sau ɗaya ba ta goranta mini ba, har a ranakun da muka yi faɗa. Na fito daga ɗakin ina share ido da hannun riga, na ce wa goggonka hayaƙi ne.

Takardar ce ka gani a naɗe cikin wannan wasiƙa. Na ba ka ita. Ka buɗe ka duba, ka yi dariya in ta zo maka, ni ma yanzu ina iya yi. In ka samu sarari ka warware tambayar farkon nan yadda ya kamata, ka aiko mini da amsar, ina so in san ta kafin in mutu. Ranar Juma'a kuma, in Allah Ya kai mu, zan faɗa wa ɗalibaina a zaure da bakina, don kada wani ya sake gaya maka labarin Malamin da ya bar albashi.

Ina so ka ci jarrabawar nan, ba zan ɓoye maka ba. Ina so ƙwarai. Ina so in ga ka riƙe littafin da na kasa riƙewa, ka riƙe shi da amana, kwabon talaka bai yi ciwon kai a hannunka ba. Amma in Allah Ya ƙaddara ka faɗi, ka naɗe takardarka ka hau jirgin da ke fuskantar gida. Ka shigo ta zaure da rana tsaka, ka ajiye ta kusa da tawa. Mu sha fura, ka huta, ka sake zama. Ikko ba ta san ka ba, ba ta kuma da goggon da za ta yi maka faɗa tana zuba maka ƙari.

Allah Ya buɗa maka ƙirji, Ya sanya albarka a alƙalaminka. Allah Ya tsare ka daga ciwo da mugun aboki da irin girman kan ubanka. Ya kai ka lafiya, Ya komo da kai lafiya, Ya sa muna da rabon ganawa. Innarka tana sa maka albarka, ko da ba za ta faɗa a gabanka ba. Goggonka ta ce kilishin na gefen hagu na akwati, kada ka rabar da shi duka ranar farko.

Saura abu ɗaya. Sunanka sau ɗaya na taɓa faɗinsa a duniya, ranar da aka miƙo mini kai a cikin zane, na yi maka huɗuba a kunnen dama. Tun daga ranar ban ƙara ba, shekara goma sha tara ke nan. Na daɗe riƙe da alƙalamin nan, tawada har ta bushe na sake tsomawa.

Mu'azu, ɗana, ko ka ci ko ka faɗi, ka dawo gida.

Wassalam. Daga mahaifinka, Haliru.